Fitilar eyabag (jakar iska) ta ƙi mutuwa tun da aka gyara AC, wai a sa mata rezista?

Abban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin wutar mota ku taimaka min. Camry ce 2008 irin wadda ake ce wa masul, 'yar Amurka, AC ɗinta ya daina sanyi aka ce ibaforeta ce ta huje sai da aka sauke dashbod gaba ɗaya aka canza, sanyi kam alhamdulillah ya dawo amma tun ranar jar fitilar nan mai hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa ta kama ta ƙi mutuwa. Na koma wajen mai AC ɗin yace shi ba ruwansa wai dama haka take, alhali ni na san da in na murɗa makulli takan ɗan jima kaɗan ta mutu da kanta. Wani yaro a garejin yace in kawo ɗan kuɗi ya sa mata rezista fitilar ta mutu shikenan. Meye shawara?

Baffa Direba: Wa'alaikumus salam. Kai dai ɗana bari ya sa maka ka huta, ni Sharon ɗina tun da na saye ta fitilar nan a kunne take kuma kullum ina hanyar Kano zuwa Jos, Allah ne ke kiyayewa ba wata jakar iska ba

Sadik mai Corolla: ribon ɗin sitiyari ne wlh, tawa ma haka tayi aka canza shi ta mutu, kaje Ƙofar Ruwa ka nemi na Beljiyam kar ka sayi sabo ɗan China

Oga Rewaya: Sadik a hankali dai, kar ka sa bawan Allah ya sayi abin da ba shi ne ciwon ba. Ribon ɗin sitiyari na jakar direba ne kawai, shi ne ke kai wuta cikin sitiyari yana juyawa, kuma galibi in ya tsinke za ka ga hon ko maɓallan kan sitiyari su ma sun fara iskanci. Jakar fasinja ba ta bi ta nan ko kusa, ita tana cikin dashbod a saman durowar gaban fasinja, wayarta daban soket ɗinta daban. Abban Khalifa hon ɗinka yana yi?

Abban Khalifa: Yana yi lafiya lau Oga, maɓallan rediyo ma duk suna yi

Oga Rewaya: To kaga ni. Fitila ɗaya ce tak amma abin da ke iya kunna ta ya fi a ƙirga, jakar direba, ta fasinja, na gefen kujeru, na labulen sama, abin da ke finciko bel in an yi karo, sensa na gaba, na ƙofa, kwamfutar kanta, kai har batir in ya yi sanyi sosai lokacin tayarwa yana iya sa ta kama. Don haka duk wanda ya kalli fitila da ido yace maka ga ciwon, canki-canka yake. Je ka a sa mata sikana tukuna, kuma ba ƙaramin nan mai bulutut da ake haɗawa da waya ba, yawancinsu injin kaɗai suke karantawa sai su ce maka babu komai. A nemi wanda ke shiga SRS, wato ɓangaren jakunkunan iska na motar, irin Launch ko Autel, ko Techstream na Toyota in da mai shi. Ka ɗauko hoton lambar da ta fito, kar ka yarda a goge kafin ka ɗauka.

Abban Khalifa: Na je yanzun nan, ga abin da ya fito B1806. Mai sikanan ya goge ta, muna sake kunnawa ta dawo nan take

Oga Rewaya: Madalla, yanzu muka fara magana. A Toyota lambobin jakar fasinja a jere suke, B1805 wayoyin biyu sun haɗe da juna, B1806 layin ya yanke, B1807 waya ta taɓa bodi, B1808 ta taɓa wutar batir. Taka kenan layi ne a buɗe, wuta ta fita daga kwamfuta bata dawo ba. Kuma tunda ta dawo nan take bayan gogewa ba tsohon tarihi bane, ciwon yana nan a halin yanzu. Wani lokaci mai gyara yana murɗa makulli alhali soket a cire, lamba ta zauna, in an mayar an goge sai ta tafi, to taka ba irin wannan bace. Ni zargina na farko soket ɗin rawaya da ke bayan durowa, dole sai an cire shi kafin dashbod ya sauka, ko an manta ba a mayar ba ko an tura bai zauna ba.

Injiniya Bello: Bari in ƙara a kan na Oga don a gane me kwamfutar ke aunawa. Cikin tukunyar jakar akwai ɗan siririn ƙarfe da in aka ba shi wuta mai ƙarfi yake yin zafi ya kunna maganin da ke hura jakar, ƙarfin turjiyarsa wajen om 2 zuwa 3 ne. Kwamfutar, wadda a Camry take ƙasan tsakiya gaban giya, kullum tana tura wata 'yar mitsitsiyar wuta da bata isa ta kunna komai ba tana duba ko lissafin yana nan. In ya hau sama tace layi ya yanke, in ya faɗi tace an haɗe. Tazarar kaɗan ce ƙwarai shi yasa 'yar tsatsa a bakin fin ɗaya ta isa ta tada fitila, abin da a layin fitilar gaba ko a jikinsa. Kuma jakar wannan motar hawa biyu ce, akwai makunni na biyu da lambobinsa suke B1815 zuwa B1818, tunda su basu fito ba to layi na biyu lafiyarsa ƙalau, wannan ma alama ce cewa ba duka soket ɗin ne a cire ba.

Oga Rewaya: Gaskiyarka Injiniya, da a cire yake gaba ɗaya da biyu za mu gani

Abban Khalifa: To ina da mita a gida, in buɗe durowar in auna jakar in gani ko ita ce ta mutu?

Oga Rewaya: A'a! Dan girman Allah kar ka ɗora mita a kan jakar kanta, mita tana auna om ne da wutar batirin cikinta, kai kuma fuskarka na dab da abin da ke fitowa da gudun da zai kai kilomita 300 a awa. Ba a auna jaka, waya ake aunawa bayan an raba ta da jaka an raba ta da kwamfuta. Kuma kafin a taɓa kowane soket mai rawaya sai an kashe makulli an cire kan batir na nagetib an jira, Toyota daƙiƙa 90 suka ce mafi ƙaranci, Honda minti 3, saboda akwai kafasita cikin kwamfutar da ke riƙe wuta don ko batir ya fashe a hatsari jaka ta iya tashi. Ni a garejina sai yaro ya je ya sha ruwa ya dawo nake bari ya sa hannu. In an sauke jakar kuma fuskarta sama ake ajiye ta, in ka kifa ta ta tashi ƙarfen ne zai yi sama ya samu wani.

Baffa Direba: To ai kun ji, abin da zai iya kashe mutum a gareji shi kuke so a gyara, ni dai nace a sa rezistan nan kowa ya huta

Oga Rewaya: Baffa da girmanka amma a nan kam ban bi ka ba. Rezistan nan mu ma muna da shi a akwatin aiki, littafin gyaran Toyota da kansa yace a yi amfani da na gwaji mai om 2.1, amma aikinsa na minti biyar ne. Ka cire soket daga jikin jaka, ka sa shi a madadinta, ka mayar da batir ka goge lamba ka kunna. In lambar bata dawo ba to waya da kwamfuta lafiya, jakar ce ko bakin soket ɗinta. In ta dawo to jaka bata da laifi, bi waya. Shikenan sai ka cire abinka ka mayar akwati. Wanda yaron nan ke nufi shi ne ya bar shi a ciki ya naɗe da salatif, kwamfuta ta riƙa ganin om 2 tana zaton jaka na nan alhali ba komai a layin sai ɗan rezista, ranar da aka yi karo ta aika wuta shi zai ƙone, wanda ke kujerar gaba kuma ya sha dashbod. Kamar ka ɗaure wa karen gidanka baki ne don haushinsa ya dame ka, ɓarawo kuwa yana kan katanga. Gara ma taka Baffa da take a kunne, ko ba komai ka san babu, shi wannan zai ɗauki iyalinsa yana ganin akwai.

Baffa Direba: Hmm to Allah ya kyauta, ni dai ban taɓa ganin ta tashi ba

Injiniya Bello: Allah ya sa kar ka gani Baffa. Wani abu da ke rikita masu auna wayar nan, soket ɗin SRS suna da ɗan ƙarfe a ciki wanda da zarar ka zare soket sai ya haɗe fin biyun da kansa, an yi shi ne don kar wata wuta ta ɓata hanya ta tada jaka. Wanda bai sani ba sai ya sa mita ya ga sifili yace waya ta haɗe, ya fara yanka. A gwajin layin da ya yanke ma taimako yake, ka zare soket na wajen kwamfuta ƙarfen ya haɗe can, ka zo ta bakin jaka ka auna wayoyin biyu, ya kamata ka ga ƙasa da om 1. In kana neman ko sun haɗe da juna ne sai ka zura 'yar takarda mai kaurin fin ɗin ta ɗage ƙarfen, a nan mita ya kamata ta nuna miliyan ɗaya ko sama, haka ma tsakanin kowace waya da bodi. Takarda fa, ba sukudireba ba, in ƙarfen ya lanƙwashe an ƙara wani ciwon. Kuma kar a cusa tsinken mita cikin ramin fin, buɗe shi yake ya daina kamawa.

Maman Iman: Sallama, ku yi haƙuri na shigo muku tsakiya, ni tawa ba jar fitilar bace, a tsakiyar dashbod ne ake rubuta PASSENGER AIRBAG OFF in 'yata ta zauna a gaba amma in babanta ne sai ta koma ON, wannan ma lalacewa ce?

Oga Rewaya: A'a Hajiya lafiyarta kenan. Motocin Amurka na shekarun nan akwai ma'aunin nauyi a ƙarƙashin kujerar fasinja, in ya ji nauyin yaro ne sai ya kashe jakar da gangan don ƙarfinta ya fi ƙarfin ƙirjin yaro da wuyansa. Amma dan Allah a mayar da ita baya a sa mata bel, can ne wajen yara, balle kujerar jarirai mai kallon baya wannan ko da wasa ba a sa ta gaban jaka mai aiki. Inda za ki damu shi ne babba ya zauna sosai ta ci gaba da cewa OFF, ko jar fitilar ta kama tare da ita, a Toyota sau da yawa B1650 ake gani. Abin da ke kawo shi a nan wajenmu, masu wankin mota su cire kujera su wanke kafet su mayar ba a yi wa ma'aunin saiti ba, ko ruwa ya kwanta a soket na ƙasan kujera, ko an cusa robar ruwa da takalma a ƙasa ana turo kujera tana jan waya. In an taɓa kujerar sai an sake saita sifilinta da sikana, a ɗora nauyin kilo 30 a ga ta karanta tsakanin 27 da 33.

Maman Iman: Ikon Allah, na gode Oga, ai kuwa ƙasan kujerar nan ba abin da babu

Ɗan Damagaram: Mu nan motocinmu mafi yawa na Turai ne masu fitowa ta Kwatano da Lome, su da yawa babu wanga ma'auni, wurin makulli ne a gefen dashbod ko cikin durowa da kake murɗawa da kanka ka kashe jakar fasinja. Sau nawa mutum za shi zo shina cewa fitila ta kama, ka buɗe ƙofa ka iske yara ne suka murɗe shi ko mai motar na farko ya bar shi a kashe. Peugeot kuwa, 406 da 307, soket na ƙasan kujera shi ne ciwonsu, a ja kujera gaba fitila ta kama a ja baya ta mutu

Abban Khalifa: Jama'a ga labari. Na kai ta wajen wani mai wayarin da ya san aikin, ya cire batir muka jira, ya sauke durowa, soket ɗin rawaya yana nan a haɗe ka rantse lafiyarsa ƙalau har makullinsa a rufe. Da ya zare ya haska da tocila sai ga fin ɗaya cikin huɗun ya shige ciki ya fi sauran gajarta, ya ɗan ja wayar ta baya da yatsa sai ta biyo shi da fin ɗin gaba ɗaya, ɗan haƙorin robar da ke riƙe shi ya karye, da alama da ƙarfi aka tura shi a karkace. Ya sa rezistan gwaji ta ɓangaren da ke zuwa kwamfuta lamba bata dawo ba, yace to ciwon yana guntuwar wayar da ke tsakanin soket ɗin da jaka. Yanzu shawara biyu ya bani, ko a yanke soket ɗin a haɗa wayoyin kai tsaye da dalma, ko a nemo guntuwar wayar sukutum.

Ɗan Damagaram: A yi dalma kawai a sa robar nan mai tsukewa da wuta, mu haka muke yi ma Peugeot kuma ba ta dawowa

Oga Rewaya: Ni ban goyi baya ba ɗan'uwa. Na san ana yi kuma fitila na mutuwa, amma Toyota cewa suka yi wayar SRS in ta lalace a canza ta, ba a faci. Dalma tana sa wajen ya sandare, mota kuma kullum cikin girgiza take balle hanyoyinmu, a hankali sai ta karye daidai inda dalmar ta ƙare a cikin roba inda ido baya gani. Na biyu in ka yanke soket ka zubar da ƙarfen nan da Injiniya ya faɗa, gobe wani mai AC zai zo sauke dashbod ya tarar ba abin zarewa ya sa fulaya ya datse waya mai zuwa jaka kai tsaye. Na uku ga wuta da zafin ayan kusa da jaka. Akwai kamfanonin da suka yarda a gyara da nasu maɗaurin na matsewa, a mayar da murɗin wayoyin yadda yake, wannan daban. A nan kuwa guntuwar waya ce da bata kai tsawon hannu ba, tana cike a Ƙofar Ruwa da Panteka wajen masu yanka motoci, me zai sa a yi faci.

Ɗan Damagaram: Inda kaya ke samuwa kenan Oga, wanda ke Tanout ko Gure fa sai shi jira a aiko daga Kano

Oga Rewaya: To ya jira, kafin nan a zauna a baya

Abban Khalifa: An samo guntuwar wayar an sa, an goge lamba, yanzu in na murɗa makulli tana kamawa kamar daƙiƙa 6 ta mutu. Mun ɗan zaga kan hanya mai gargada an sake sa sikana babu komai. Allah ya saka da alheri

Injiniya Bello: Ma sha Allah. Sadik kai da kace Corolla gare ka, wace shekara ce? Ina tambaya ne saboda maganar Takata, kamfanin Japan da ya yi tukwanen jaka da sinadarin amoniyam naitiret, wanda zafi da laima ke lalatawa da daɗewa sai tukunyar ta fashe ta watso ƙarfe maimakon ta hura jaka. A Amurka kaɗai an janye jakunkuna wajen miliyan 67 don a canza su, kamfanin ya durƙushe a 2017, kuma a farkon 2024 Toyota ta ce masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004 da ba a canza musu ba su daina hawa sam, jakar fasinja ce abin ya shafa. Wannan fitila bata nuna shi domin ta wajen waya komai daidai ne. In 'yar Amurka ce ka ɗauki lambar bodi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba ka sa a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai nuna maka ko akwai kiran gyara da ba a yi ba. Shi yasa ma in jakar ce ta mutu bana son a je a ɗauko ta tsohuwar mota ido rufe.

Sadik mai Corolla: 2005 ce, zan duba. amma tawa ai fitilar tana mutuwa lafiya tun da aka canza ribon

Oga Rewaya: Yaya take mutuwa? Je ka murɗa makulli zuwa ON kar ka tada injin, ka zuba mata ido. Ta gaskiya za ta kama, ta yi 'yan daƙiƙunta, ta mutu ita kaɗai alhali ta mai da ta batir suna nan a kunne. In bata kama ba sam an cire ƙwan ko an liƙe shi da baƙin salatif ta ciki. In kuma ta tsaya a kunne sai ka tada injin sannan ta mutu tare da ta mai a lokaci ɗaya, to an ja mata waya ne daga fitilar mai, dabarar wasu masu gyaran motocin hatsari kenan kafin su kai kasuwa. Duk mai sayen mota ya yi wannan gwajin kafin ya biya, ya kuma shafa saman dashbod ta wajen fasinja ya ji ko an yi ciko an fesa fenti.

Sadik mai Corolla: innalillahi Oga na gwada yanzu, na ƙirga har talatin tana kunne, ina tayarwa suka mutu tare da ta mai

Oga Rewaya: To kar ka yi faɗa da kowa tukuna don ba ka san a hannun wa aka yi ba. Kawo ta gobe bayan la'asar a fara sa sikana a ga ko kwamfutar ma tana amsawa, sannan a sauke allon mita a duba bayansa, a leƙa bayan durowa a ga ko akwai jakar ma a wajen.